Nagareyama: Garin Da Ya Ƙi Zama Ɗakin Kwana Kawai

Da misalin ƙarfe bakwai da rabi na safe, a tashar jirgin ƙasa ta Nagareyama-Otakanomori da ke ƙasar Japan, akwai abin da na sha tsayawa ina kallo har jirgina ya kusa tafiya ya bar ni. Za ka ga uwa ta taho da sauri, jakar ofis a kafaɗa ɗaya, jakar yaro a ɗaya kafaɗar, ɗan shekara uku yana riƙe da yatsanta. Kafin ta nufi jirgi sai ta shiga wani bene da ke manne da tashar, ta miƙa yaron ga masu reno, ta ɗan shafa kansa, ta fito ta kama hanyar Tokiyo. Can an jima sai ƙananan motocin bas su zo a loda yaran, kowace mota da hanyarta, a rarraba su gidajen reno na unguwanni daban-daban. Da yamma motocin su kwaso su su dawo da su tashar, uwa ko uba ya sauko daga jirgi ya ɗauki abinsa su wuce gida. Kuɗin wannan hidima a lokacin yen 100 ne a rana, ko yen 2,000 a wata. Na rana ɗaya bai kai kuɗin kwalbar lemo ba.

Hukumar birnin Nagareyama ce ta fara wannan tsari a 2007, ta ƙara na biyu a tashar Minami-Nagareyama a 2008. Shekara biyu na zauna a garin lokacin da nake ƙarin karatu a maƙwabcinsa Kashiwa, kuma har yau idan aka ambaci Japan a gabana, wannan ƙaramar mota nake fara tunawa kafin jirage masu gudun tsiya da dogayen benaye. Dalili kuwa shi ne, wanda ya kawo ta mutum ne da ya zauna ya lissafa safiyar mace mai aiki minti-minti. Ya gane cewa samun gurbin reno bai isa ba idan gurbin yana can gefen gari, jirgi kuma yana nan gefen, ko kuma wa da ƙane sun samu wuri a gidaje biyu mabambanta. Irin wannan sani ba ya zuwa wa mutumin da ke zaune a babban birnin ƙasa. Sai wanda yake kusa, kuma yake da dalilin damuwa.

A Japan an mai da Nagareyama abin misali. Jaridu da talabijin suna yawan danganta nasararsa da wani kirari da hukumar birnin ta liƙa a tashoshin Tokiyo tun 2010: "Idan za ki zama uwa, to Nagareyama." Wasu kuma su ce ai aikin mutum ɗaya ne, magajin gari Yoshiharu Izaki. Ni ban yarda da ko ɗaya daga cikin bayanan nan biyu gaba ɗaya ba. A ganina abin da ya ɗaga garin shi ne tsarin da ya sa mutum ke biyan harajinsa, yake jefa ƙuri'arsa, yake sauke nauyin maƙwabtaka a inda yake kwana, ko da kuwa a wani gari yake neman abinci. Kirarin da magajin garin duk a kan wannan tubali suka tsaya.

Garin ba shi da girma. Faɗinsa murabba'in kilomita 35 ne da 'yan kai, a arewa maso yammacin lardin Chiba. Noda na arewa da shi, Kashiwa na gabas, Matsudo na kudu, daga yamma kuma kogin Edo ne ya raba shi da lardin Saitama. Ƙasar kashi biyu ce: tudu shimfiɗaɗɗe wanda ya ɗan ɗaga sama, sai fadama a bakin kogi inda aka daɗe ana noman shinkafa. Sunan ma daga ruwa ya samo asali. "Nagare" na nufin gangarowa da ruwa, "yama" kuma dutse ko tsauni. Tsofaffi na ba da labarin cewa ambaliya ce ta ɓallo wani yanki na tsaunin Akagi daga can nesa ta ajiye shi a nan, shi ne ɗan tudun da ke tsohon gari, wanda har yau ake kira Akagi.

Ruwan nan shi ya fara arzuta su. A zamanin sarautar Tokugawa, lokacin da Tokiyo ke amsa sunan Edo, kogin ne babbar hanyar kai shinkafa da kaya cikin birni, Nagareyama kuma tasha ce ta jiragen ruwa. A 1814 wani mai sana'a na garin, Horikiri Monjiro, ya fitar da farin mirin, wani ruwan shinkafa mai zaƙi da ake sa wa girki, ya karɓu a Edo ƙwarai. Har yanzu ana yin sa a garin ƙarƙashin kamfanin Kikkoman. Ni dai sunansa na cikin kalmomin da na fara koyon karantawa a jikin kwali, domin akwai barasa a cikinsa, kuma kusan kowace miya ta kanti sai ka tarar an ɗiga shi. A 1868, lokacin yaƙin da ya kawo ƙarshen mulkin Tokugawa, a nan ne Kondo Isami, shugaban dakarun Shinsengumi masu goyon bayan Tokugawa, ya miƙa kansa ga sojojin sabuwar gwamnati. Bayan haka garin ya ɗan riƙe hedikwatar lardi na wasu shekaru kafin a kafa lardin Chiba a 1873 a mai da mulki wani wuri. A 1890 aka buɗe hanyar ruwa ta Tone, mai tsawon kilomita takwas da rabi, wadda wani injiniya ɗan ƙasar Holan mai suna Mulder ya tsara don haɗa kogin Tone da kogin Edo.

Sai zamani ya juya musu baya. Layin dogo na Joban da aka shimfiɗa a ƙarshen ƙarni na 19 ya bi ta Matsudo da Kashiwa, ya bar Nagareyama a gefe. Jiragen ruwa suka riƙa raguwa, kasuwa ta koma bakin dogo. Abin da mutanen garin suka yi a nan shi ne ya fi burge ni a duk tarihinsu. 'Yan kasuwa da sauran mazauna suka haɗa kuɗi, suka sayi hannun jari, suka gina nasu ɗan layin a 1916, kilomita 5.7 kacal, daga tsohon gari zuwa Mabashi inda zai haɗu da babban layi. Layin yana nan yana aiki, tasha shida, jirgi mai tarago biyu. Na sha hawansa ranar Lahadi ba don ina da wurin zuwa ba, sai don in ga abin da gari ke iya yi wa kansa idan an tsallake shi.

Duk da haka, a mafi yawan ƙarni na 20 garin ya zama abin da Japanawa ke kira da "garin gado", wato wurin da ake zuwa a kwanta. An ba shi matsayin birni a 1967. Gidaje sun yawaita, amma zuciyar mazauna na Tokiyo. Har suna da wata kalma, "Chiba tomin", wato ɗan Tokiyo mai kwana a Chiba: mutumin da ya san sunan gwamnan Tokiyo amma bai san na kansilan unguwarsa ba.

Wannan kalma ta taɓa ni, domin shekara shida na yi a Mararaba ina aiki a Abuja kafin tafiyata. Mu ma a jihar Nasarawa muke kwana, a babban birnin tarayya muke yini. Muna idar da sallar asuba muke fita, don wanda ya bari gari ya waye to ya shiga gosulon Nyanya sai yadda hali ya yi. Matata ma tana aiki a lokacin. 'Yarmu ta fari tana da shekara biyu, kullum a naɗe cikin zani muke miƙa ta gidan maƙwabciya tana barci, mu dawo bayan isha'i mu karɓe ta tana barci. Akwai makon da na lissafa, ban ga idon yarinyar a buɗe ba daga Litinin har Juma'a. Allah ya saka wa maƙwabciyar nan da alheri, amma ba mu taɓa tunanin cewa akwai wata hukuma da wannan matsala ta shafa ba. Shi ya sa ranar da na fara ganin motar yaran nan a tashar Otakanomori na daɗe tsaye ban iya cewa komai ba.

To me ya sa hukumar Nagareyama ta damu da safiyar uwa? Ba don ma'aikatanta sun fi na ko'ina tausayi ba ne. A Japan, idan ka tare a gari, doka ta ba ka kwana 14 ka je ofishin birni ka yi rajista. Daga nan harajin mazauna, wanda ya kai kusan kashi 10 cikin 100 na abin da kake samu bayan an cire rangwame, yana bin adireshin gidanka: kashi 6 na birni, kashi 4 na lardi. Ko da ofishinka na tsakiyar Tokiyo, kamfanin zai cire kuɗin ya aika wa garin da kake kwana. Harajin fili da gini ma birni ke karɓa. Ke nan duk ma'auratan da suka tare a Nagareyama, su biyun suna aiki, albashi biyu ne suka shigo asusun birnin. Uwar da ta ajiye aiki saboda rashin mai reno asara ce da za ta fito ɓaro-ɓaro a kasafin kuɗi. Motar yen 100 alheri ce, kuma lissafi ce. Ni ban ga aibu a haka ba. Na fi amincewa da alherin da aka ɗaure da maslahar mai yin sa, domin shi ne ba ya ƙarewa ranar da aka canza shugaba.

Sai dai kafin mota, jirgi ne ya fara zuwa, kuma wannan ba aikin birni ɗaya ba ne. Layin Tsukuba Express, mai tsawon kilomita 58.3 da tasha 20 daga unguwar Akihabara a Tokiyo zuwa garin Tsukuba, an buɗe shi ranar 24 ga Agusta, 2005. Tun 1989 aka yi doka ta musamman da ta ce a shimfiɗa dogon tare da tsara filayen da ke gefensa lokaci guda. Dabarar ita ce masu filaye su haɗa gonakinsu wuri ɗaya, kowa ya sadaukar da wani yanki don titi da dogo da wurin shaƙatawa, a mayar masa da fili ƙarami amma mai tsari, wanda darajarsa ta ninka ta da. A Nagareyama kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar garin aka yi wa haka. Garin ya samu tasha uku, kuma tafiya zuwa Akihabara ta dawo ƙasa da rabin awa. Shekara 16 tsakanin doka da jirgin farko. Duk wanda ke yabon kirarin 2010 ya manta da wannan haƙuri, ya ga rufin ɗaki ne bai duba harsashi ba.

Amma jirgi kaɗai ma bai isa ba, domin ya ratsa garuruwa da dama, kowanne kuma ya yanka filaye yana jiran masu saye. A nan ne Izaki ya cancanci a ambace shi. Masanin tsara birane ne da ya yi karatu ya kuma yi aiki a Amurka, aka zaɓe shi a 2003, kuma an ci gaba da sake zaɓensa har zuwa 2023. Ya tarar da gari mai tsufa da asusu mai rauni, ga kuma makeken fili da idan bai sayu ba zai zama bashi. A 2004 ya kafa sashen tallata gari a cikin ofishin birni, abin da ba a saba gani ba a Japan, ya ɗauko ma'aikata daga kamfanoni. Ya matsa aka canza sunayen da aka tanadar wa tashoshi biyu, ɗaya ta zama Otakanomori, wato "dajin shaho". Suka fito fili suka ce ga waɗanda muke nema: ma'aurata matasa masu yara, waɗanda dukkansu ke aiki. Gidajen reno masu lasisi suka tashi daga 17 a 2010 zuwa kusan 100 cikin shekara goma sha 'yan kai, kuma aka riƙa neman masu gina manyan benaye su ware wurin reno a ciki. A 2021 birnin ya sanar da cewa babu sauran yaro a jerin masu jiran gurbi. Yawan jama'a ya tashi daga kimanin 150,000 lokacin zuwan jirgi zuwa sama da 200,000 a 2021, kuma shekara shida a jere garin ne kan gaba a saurin ƙaruwa cikin biranen ƙasar. Wannan a ƙasar da yawan jama'arta ya kai ƙololuwa a 2008 ya fara gangarowa, inda haihuwa ta faɗi ƙasa da 700,000 a 2024.

Ni kuwa ba a sabon ɓangaren na zauna ba. Kuɗin hayarsa ya fi ƙarfin ɗalibi. Na samu ɗaki ne a arewacin garin, a Edogawadai, unguwar da aka yanka a ƙarshen shekarun 1950 don ma'aikatan wancan zamani. Waɗanda suka tare a matsayin angwaye a lokacin yanzu su ne masu dogara sanda. A layinmu gidaje biyu ne a rufe ba kowa, ciyawa ta cinye farfajiya. A nan na koyi ɗaya rabin rayuwar gari, wanda ba ya fitowa a allon talla.

Mako biyu da tarewata, wata tsohuwa maƙwabciyata, wadda a raina nake kira Iya, ta ƙwanƙwasa ƙofa riƙe da wani allo mai maƙale da takardu. Kairanban suke ce masa. Sanarwar ƙungiyar unguwa ce da ta birni: ranar sharar layi, ranar atisayen girgizar ƙasa, gargaɗi kan 'yan damfara masu kiran tsofaffi a waya. Kowane gida zai karanta, ya sa alama kusa da sunansa, ya miƙa wa na gaba. Ta kira sunana ta liƙa masa "san" kamar yadda suke girmama kowa, ta nuna mini inda zan sa hannu, sannan ta ja ni har bakin layi inda ake tara shara. Akwai raga da ake lulluɓa wa ledojin saboda hankaki, akwai tsintsiya da bokiti da ke zagayawa gida-gida. Ta ce, "Makon da bokitin ya zo ƙofarka, kai ne mai wurin." Ba ta tambaye ni ƙasata ba, ba ta tambayi addinina ba. Ina kwana a layin, don haka bokiti zai zo. Wata rana na kuskure na fitar da gwangwani ranar shara mai ƙonuwa, motar ta bar ledar da takarda a liƙe. Kafin in dawo daga makaranta Iya ta ɗauke ta ta ajiye mini a bayan ƙofa don kada maƙwabta su gani, washegari ta kawo mini jadawalin da ta ja wa layi da jan biro.

Ba na so in yi wa wannan tsari kwalliyar da ba shi da ita. Ƙungiyoyin unguwa suna da takura, kuma matasa da yawa a sababbin benaye ba sa shiga. Fitowa zaɓen ƙananan hukumomi a garuruwan kewayen Tokiyo sau da yawa ba ta kai rabin masu rajista ba. Amma ƙofar a buɗe take, kuma an rubuta ta a doka. A 2009 birnin ya kafa dokarsa ta mulkin kai da ta aikin majalisa, a 2012 ya ƙara ta shigar jama'a cikin yanke shawara. Majalisar mai kujera 28 tana cikin na farko a ƙasar da suka fara watsa zaman kwamitoci kai tsaye ta intanet, kuma ana iya ganin yadda kowane kansila ya jefa ƙuri'a. Da aka so gina wani katafaren ginin adana bayanan intanet dab da ofishin birni, a tsakiyar gidajen mutane, mazauna suka tashi tsaye da ƙorafi da taruka har aka janye shirin. A 2011 ma, bayan haɗarin tashar nukiliya ta Fukushima, iska da ruwan sama sun sauke burbushin guba a wannan yanki, iyaye suka hana hukuma sakat sai da aka riƙa aunawa ana kankare ƙasar filayen makarantu da wuraren wasan yara.

Akwai abin da ke damuna game da Nagareyama, kuma ba ƙarami ba ne. Gari ya zaɓi irin mutanen da yake so. Da ka ce kana neman ma'aurata masu albashi biyu, ka faɗi waɗanda ba ka nema ke nan ko da ba ka ambace su ba: uwa mai renon 'ya'ya ita kaɗai, mai aikin wucin gadi, tsoho mai ɗan fansho. Farashin gidaje kusa da sababbin tashoshin ya yi tashin gwauron zabo. Iya ta taɓa ce mini ita idan ta je Otakanomori ji take kamar ta je baƙon gari. Hujjar hukuma ita ce da harajin matasan ake kula da tsofaffin, kuma akwai gaskiya a ciki, don garin da babu masu aiki ba shi da abin da zai riƙe tsofaffinsa da shi. Duk da haka, hukuma ba kanti ba ce da za ta ware kwastoman da ta fi so. Wanda ya shekara sittin yana share layi yana da haƙƙi a kan gari fiye da na lissafin riba.

Sannan a duba daga ina yaran suka fito. Haihuwa a Nagareyama ta ɗara matsakaicin ƙasar, amma ba ta kai yara biyu ga kowace mace ba, ballantana ta maye gurbin masu mutuwa a ƙasa baki ɗaya. Yawancin iyayen nan daga Tokiyo da garuruwan maƙwabta suka taso, da ma za su haihu a wani wuri. Rijiya ɗaya ce kowa ke zura guga, wanda igiyarsa ta fi tsawo ya fi samu. A 2014 wani rahoto da tsohon minista Hiroya Masuda ya jagoranta ya lissafa ƙananan hukumomi 896 da ke fuskantar barazanar shuɗewa saboda ƙaurar mata matasa. Nasarar Nagareyama ba ta rage wannan jeri ba. Kuma garin da ya cika da 'yan shekara talatin a lokaci guda zai cika da 'yan shekara tamanin a lokaci guda. Ba sai an je nesa neman shaida ba, Edogawadai na nan tasha biyu ko uku daga sababbin benayen.

Saurin ma ya zo da nasa ciwon. Makarantun firamare na kusa da tashar sun cika sun batse, wasu da ɗalibai fiye da dubu, aka riƙa gina sababbi ana sake shata iyakar unguwanni, iyaye na ƙorafi. Dajin shahon da aka ɗauki sunansa aka sa wa tasha da kantuna, wato dajin Ichinoya, kusan rabinsa aka sare don gina garin, kuma rabin da ya tsira masu kare muhalli na gari ne suka yi ta fafutika a kansa bayan an gano shaho na sheƙa a ciki. Gari na kiran kansa "garin daji mafi kusa da tsakiyar Tokiyo", yana ba da shaida ga masu ginin da suka shuka itatuwa, amma itacen bakin titi ba ya zama daji. A fadamar bakin kogin Edo kuma, inda aka yi ɗaruruwan shekaru ana noman shinkafa, yanzu manya-manyan rumbunan ajiyar kaya ne jere kusa da babbar hanyar Joban. Sun kawo haraji da ayyukan yi, ba musu. Na kan hau keke a kan ganuwar kogin da yamma in kalle su, in tuna cewa fadama wurin kwanciyar ruwa ce, kuma sunan garin kansa labarin ambaliya ne.

Da duk waɗannan, har yanzu ina tare da Nagareyama, saboda kowane kuskuren da na lissafa yana da adireshi. Iyayen da makarantar 'ya'yansu ta cika sun san ofishin da za su je, sun san kansilan da za su tare a bakin tasha, sun san ranar zaɓe, kuma hukumar ta san idan suka fusata suka tashi, da kuɗinsu za su tashi. Gardamar da ake yi kan daji da benaye da tsofaffi gardama ce tsakanin mutanen da suka yarda garin nasu ne.

A wajenmu, doka ta ce harajin albashi na jihar da mutum yake zaune ne, ƙaramar hukuma ba ta da kaso kai tsaye a ciki. Ƙananan hukumomi 774 sun dogara ne da abin da ake rabowa daga asusun tarayya, kuma sai a ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye. Na yi murna da hukuncin, amma ko an aiwatar da shi ɗari bisa ɗari, kuɗin daga sama zai riƙa zuwa. Shugaban da abincinsa ke saukowa daga sama, sama zai riƙa kallo. Ko mutum dubu ɗari suka tare a Mararaba ko Masaka ko Suleja a shekara guda, babu rajistar da za ta nuna sun zo, babu kuma abin da zai ƙaru a asusun ƙaramar hukuma saboda albashinsu. Ta yaya za ta ɗauke su a matsayin arziki, ba kaya a ka ba? Matsalarmu ba irin ta Japan ba ce, mu yara ne suka yi mana yawa a kan makarantu da asibitoci, su kuma yaran suke nema ruwa a jallo. Amma uwar da ke fita da asuba da goyo ɗaya ce a ko'ina, kuma tambayar da ta dace a yi a kanta ita ce wace hukuma ce za ta yi asara idan ta gaji ta ajiye aikin.

Ranar da zan bar garin na je ofishin birni na cike takardar tashi, kamar yadda doka ta tanada. Ma'aikaciyar ta duba kwamfuta ta lissafa mini ragowar kuɗin inshorar lafiya, na biya, ta cire sunana daga rajista. Da na koma gida na tarar bokiti da tsintsiya a ƙofata, makon nawa ne ya zagayo. Na share wurin sharar, na naɗe ragar, na kai wa Iya bokitin na ce mata gobe jirgina zai tashi. Ta karɓa da hannu biyu, ta sunkuya, ta ce za ta riƙe mini sauran kwana huɗun.